Tsohuwar bindigar da ta fito daga silin wani gida a Agege

Gidan irin tsofaffin gidajen Agege ne na kusa da layin dogo, ɗakuna a jere suna kallon juna, mai shi da kuɗin goro ya gina shi tun kafin a haifi yawancinmu. Kwanon rufin ya gaji da faci, sai magada suka yi karo-karo aka kira kafinta ya yaye shi gaba ɗaya a sa sabo. A saman ɗakin marigayi ne, tsakanin silin da katakon da ke riƙe da kwano, kafintan ya jawo wani dogon abu naɗe cikin buhun algarara an ɗaure da waya, gefensa kuma gwangwanin madara an toshe bakinsa da tsumma. Bindiga ce, cikin gwangwanin kuma harsasai ne da suka yi kore suka manne da juna. Kafinta dai ya sauko ya ce shi ya tashi aiki sai an san yadda aka yi da ita.

Abun da ya sa na shiga maganar, babban ɗan gidan, Yaya Alhaji, wan matata ne, sana'ata kuma ƙarfe, walda da gyaran injinan niƙa, toh a wajensu duk abun da ya yi tsatsa ni ake kira. Ni ba maƙerin bindiga ba ne kuma ba na fatan zama, amma dai na san ƙarfen da ya mutu da wanda ke da sauran rai.

Yaya Alhaji so yake a gyara ta. A wajensa bindigar Baba ce da ya je yaƙin Bama (Burma) da ita lokacin yaƙin duniya na biyu, a goge ta a shafa wa ƙotar mai a rataye a falo jikoki su gani, in ma ta yiwu ta tashi ai gida bai ƙi abun tsaro ba, zaman Legas ne. Ɗan ƙaninsa, wani matashi da ke sayar da waya a Kwamfuta Bileji, shi ma gyaran yake so amma don kuɗi, ya kwana yana kallon bidiyon Turawan nan na YouTube da ke tono bindiga daga laka su mayar da ita kamar yau ta fito daga kamfani, har yana cewa masu tara kayan tarihi a waje da dala suke saye. Gwaggo kuwa, yayarsu duka, cewa ta yi a jira dare a jefa ta a kanal kowa ya kama bakinsa.

Ga yadda na same ta a kan tabarma. Gefen da ya kwanta a kan silin, inda ruwan yoyo ke taruwa, tsatsar ba irin jar ƙurar nan ba ce da kake gogewa da tsumma da man inji ta tafi, ɓawo ne ɓawo a kan ɓawo, in ka sa farce sai ya ɓamɓaro ya bar rami baƙi a ƙasa. Bakin bututun zanzaro ya toshe shi da laka tun ba yau ba. Ƙotar daga nesa kamar lafiya lau, amma da na danna da yatsa sai ya lotsa, gara ta cinye cikin ta bar fatar kawai, wani gari-gari na zuba. Farantin tagullar da ke gindin ƙotar ne kaɗai bai ji komai ba sai duhu da ya yi. Buhun algararan da aka naɗe ta da shi don kariya shi ya ƙarasa ta, don algarara shan ruwa yake ya riƙe, ga iskar Legas mai laima da gishirin teku, ga zafin kwano da rana da raɓa da dare, shekara da shekaru. Da a Kano ko Katsina aka ɓoye ta haka, ƙila da ba ta kai wannan halin ba.

Amma abun da ya fi ɗaga min hankali sakatar da ake ja a ɗana ta, ta daskare ƙam, gidan harsashin ma ya manne. Kenan babu wanda ya isa ya rantse cewa babu harsashi a cikinta. Yaron nan har ya kawo shawarar in zo da gas in ɗan gasa wajen in bubbuga da guduma ta saki, kamar yadda muke wa noti. Na ce masa kai ɗana, noti ba ya harbi. Tsohon harsashi ba abun yarda ba ne, wani ya mutu murus wani kuma yana nan da ransa bayan shekara sittin, zafi ko duka na iya tashinsa. Daga nan na hana kowa leƙa bakinta ko tsayawa a gabanta, aka juya bakin ya kalli bango, aka fitar da yara aka kulle ɗakin.

Akwai wani dattijo a layin, tsohon ɗan sanda ne, kowa Baba Sajan yake ce masa, Yaya Alhaji ya yarda da shi sai aka kira shi. Kallo ɗaya ya yi mata ya ce Mak 4 ce, irin ta ya riƙe a farkon aikinsa. Wato Lee-Enfield ta Ingila, harsashi .303, tana cin guda 10, nauyinta wajen kilo 4, a ja sakata a harba ɗaya a sake ja. Gefen hagu da ya kalli sama baƙin fentin soja da busasshen giris sun ɗan kare shi, sai muka haska fitilar waya a karkace ba tare da an kankare komai ba, rubutun ya fito dishi-dishi: No 4 MK 2, da harafin F a gefe. F ɗin nan masana'antar Fazakerley ce kusa da Libaful. Toh a nan labarin Bama ya fara tangal-tangal, don samfurin No 4 na farko tun 1941 sojan Ingila ke riƙe shi, amma MK 2 sai 1949 aka fara yin sa, yaƙi kuwa ya ƙare 1945, mazan jiyanmu sun dawo gida wajen 1946. Bindigar da ba a ƙera ba sai bayan an dawo ba ta je Bama ba. Baba Sajan ma ya ƙara da cewa ai soja ba ya tafiya gida da bindiga in an sallame shi, lamba gare ta a littafi, a ma'ajiya ake karɓe ta kafin a ba ka takardar sallama.

Ba wai marigayin bai je ba ne fa, ya je. 'Yan Najeriya da yawa, Hausawa birjik a ciki, sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, shi ya sa ma barikokin garin nan ke ɗauke da sunayen wuraren can, Dodan a Obalende, Myohaung a Yaba, Arakan da Tamandu a Apapa, mutum ya yi ta wucewa a danfo bai san daga inda sunan ya fito ba. Takardar sallamarsa na nan a akwatin ƙarfen Gwaggo tare da lambar yabonsa, tauraro mai tsini shida da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe. Waɗannan su ne suka je Bama suka dawo.

Sai da magana ta kai nan Gwaggo ta buɗe baki. Ta ce ita ta san daren da aka kawo ta, tana budurwa, shekarar da aka kashe Sardauna, lokacin da gari ya yi zafi kowa na tsoron kowa. Wani abokin Baba mai kaki ne ya zo da ita ya ce a ajiye masa zai dawo, sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, daga baya aka ji ya rasu a can. Baba ya hau da kansa ya sa ta a silin ya ce duk wanda ya yi zancen bai yafe ba. Yaya Alhaji ya ce haba Gwaggo, shekara nawa kina jin ina ba yara labarin bindigar Bama ba ki ce komai ba. Ta ce ai ba ka taɓa ganin bindigar ba, labari kake, labari kuma bai kai kowa kurkuku ba.

Duk da haka bai sauka ba, ya ce ko ta wane ce ta shekara hamsin da wani abu a gidansu, in gaya masa tsakani da Allah za ta gyaru ko ba za ta gyaru ba. Na ce Yaya in gyara na nufin ta yi kyau a ido, kusan komai na gyaruwa, ana cire tsatsa, kafinta na iya sassaƙa sabuwar ƙota. Amma tsatsa ba datti ba ce da ta hau kan ƙarfe, ƙarfen ne da kansa ya rikiɗe, duk ɓawon da ya faɗo wani yanki ne na bindigar ya tafi kuma ba ya dawowa. Tana kuma kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, shi ya sa take matse sakata ta hana ta motsi. Za ka goge ka samu abu mai ramuka kamar an yi masa zanzana, sirara a inda ya kamata ya yi kauri. Cikin bututun kuwa ko ban gani ba na san ya fi waje lalacewa, Baba Sajan ne ya ba da dalili: tsofaffin harsasan soja na wancan zamanin in an harba suna barin wani gishiri-gishiri a cikin bututu, mai kaɗai ba ya wanke shi, shi ya sa bayan harbi ake sa su zuba tafasasshen ruwa ta ciki kafin a busar a shafa mai, wanda ya yi lalaci kwana kaɗan bututunsa ya yi ja ya sha horo. Wanda ya kawo ajiya cikin dare a guje, wa ya san ko ya wanke.

Sannan ƙarfin da ke tashi a ɗakin harsashin .303 lokacin harbi ya haura PSI 40,000, tayar motarka 32 ko 35 ake sa mata ka ga yadda take fashewa in ta samu rauni. Wannan ƙarfin a saitin fuskar mai harbi yake, ƙarfen da ke tare shi kuma shi ne tsatsa ta ci. Walda ba ta magance wannan, ƙara ɓatawa take, don ƙarfen wajen an gasa shi an tsime shi a ma'auni tun daga kamfani, ka sa masa wuta ka kashe taurinsa ko ka sa ya yi ƙarfin gilashi, kuma ido ba ya gani. A Ingila akwai gidajen gwaji na musamman a Landan da Bamingam, na Bamingam tun 1813 yake, bindigar da aka canza wa bututu sai an kai ta an harba da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi an buga mata hatimi kafin a sayar. Mu a nan gwajin shi ne a ba wani yaro ya harba a gani. Ban yarda ba. Na gaya masa a fili, a matsayin abun harbi wannan ta mutu, duk wanda ya ce maka zai tashe ta ko dai bai san aikin ba ko bai damu da fuskarka ba.

Zancen dala ma bai daɗe ba. Lee-Enfield ba abu ba ne mai wuyar samu, an ƙera sama da miliyan 16 a Ingila da Indiya da Ostireliya da Kanada da Amurka, masu tarawa kuma abun da suke biya shi ne wadda ta zo yadda take, lambobin sassanta sun dace da juna, katakonta na asali, bututunta na sheƙi. Wadda aka kankare aka sa wa ƙotar kafintan Agege ba ta da daraja a wajensu, kuma ta ina ma za ka fitar da ita, ta filin jirgin Ikeja? Bidiyon da yaron ke kallo kuwa, wasu a ƙasashen da doka ta yarda ake yin su, wasu kuma ni da nake aikin ƙarfe ina kallo na san tsatsar ta kwana biyu ce aka haɗa don kyamara, tsatsar shekara hamsin ba ta wankuwa ta bar ƙarfe sumul haka.

Duk wannan dogon bayani nawa ashe lauya zai rufe shi da magana ɗaya. Yaron ya riga ya ɗora hoton a istatus ɗin WhatsApp, ya cire bayan an yi masa faɗa amma mutane sun gani, shi ya sa aka yi saurin neman wani lauya ɗan unguwa. Ya buɗe dokar makamai ta 1959 ya nuna mana, bindigogi kashi uku ne a cikinta. Akwai na ɗuri ta baki irin harba-ka-ruga, waɗannan kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ta cewa a kansu. Akwai na mutum irin mai baki biyu ta farauta, lasisinsu daga Sufeto Janar yake, shi ma a 2023 an sanar da dakatar da ba da sabo. Sai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, a cikin jerinsu kuma an rubuta bindigar soja mai harsashi .303 ɓaro-ɓaro. Hukuncin mallakar irinta ba izini bai gaza shekara 10 ba. Yaya Alhaji ya ce ai wannan ba ta harbi, lauya ya ce doka ta lissafa har sassan bindiga a matsayin bindiga, kuma ga harsasai a gwangwani, ka je ka yi wa alƙali bayanin tsatsa bayan ka yi wata nawa a tsare. Gyaran ma kansa laifi ne in ba a wajen da aka ba izini ba, wato da na sa mata hannu a shagona da ni ma na shiga. Rataye ta a falo kuwa, ya ce wannan ai ka rataye wa kanka shaida ne.

Akwai kuma abun da ba ya cikin littafin lauya amma duk Bahaushen da ya zauna garin nan ya sani. Wanda ya ga rikicin Idi Araba a 2002 ko na Mil 12 a 2016 ya san yadda ƙaramar magana ke zama ta ƙabila cikin awa guda. Ranar da aka samu wannan abu a gidan ba da bakinmu aka faɗa ba, ba wanda zai rubuta cewa tsohon ƙarfe ne da gara ta ci, cewa za a yi an gano makami da harsasai a gidan Hausawa a Agege, hoton kuma daga nesa za a ɗauka inda tsatsa ba ta fitowa. Ba gidan kaɗai zai ji a jikinsa ba, har mai shayi da ɗan acaɓan layin. Ni wannan ya fi min duk sauran hujjojin nauyi.

Shawarar Gwaggo ta kanal ma ba ta tsira ba duk da na fahimci tsoronta. Wa zai ɗauka, a wace mota, ya bi ta gaban shingen 'yan sanda nawa da dare da abu mai tsawon fiye da mita a buhu? In an jefa kuma ana yashe kanal kafin damina, yara na wasa a bakinsa, 'yan gwangwan na tsintar ƙarfe su sara ko su sa a wuta, galibinsu kuma yaranmu ne 'yan Arewa. Ga kafinta ya gani, ga waɗanda suka ga istatus. Abun da mutum goma suka sani ba a binne shi.

Limamin masallacin layin shi ya warware wa Yaya Alhaji abun da ya rage a zuciyarsa, don har lokacin yana cewa kayan ubansa ne. Liman ya ce Alhaji ajiya ba ta shiga gado, amana ce, mai ita ake mayar wa, wanda ya kawo ta kuma shi ma ba tasa ba ce, ta hukuma ce aka ba shi ya yi aiki. Kenan ana ta jayayya a kan abun da babu mai kaso a ciki.

Don kar a ce na yanke wa kowace tsohuwar bindiga hukunci ɗaya, da abun da ya fito daga silin mai baki biyu ce da littafin lasisinta, tsatsar kuma ta sama-sama ce, da cewa zan yi a je a daidaita takardu tukuna, don lasisi ba a gadonsa, sannan a kai wa mai izinin gyara. Da bindigar toka ce ta gidan sarauta irin ta 'yan bindigan hawan sallah, wadda aka san maƙerinta da tarihinta, da ita ma ta cancanci a tsayar da tsatsarta da mai a ajiye ba tare da an bi ta da samfefa an share tarihin ba. Wannan dai ƙarfenta ya tafi, kasuwarta babu, labarinta ba na gidan ba ne, doka kuma ba ta bar ƙofa ko ɗaya ba.

Yadda aka yi a ƙarshe, ba a ɗauke ta an nufi caji ofis da ita ba, lauya ya hana, ya ce a hanya in aka tare ku ba wanda zai yarda can za ku. Takarda ya rubuta ya bayyana yadda aka same ta da ranar da sunan wanda ya gano, shi da Yaya Alhaji da Baba Sajan da wani wakili daga fadar Sarkin Hausawa suka kai wa babban jami'in yankin, jami'ai suka zo gidan da kansu suka ɗauka, aka gaya musu tun daga ƙofa cewa sakatar a daskare take ba a san abun da ke ciki ba. An ɗauki bayanin Yaya Alhaji da na kafinta da na Gwaggo, an yi tambayoyi masu yawa, wasu ba daɗi, an sake kiransa daga baya, amma ba a tsare kowa ba. A takardar lauya ya roƙi in da hali a duba ko gidan tarihi zai so ta, ni dai ban sa rai ba, gidan tarihin yaƙi na Umuahia na da makaman zamanin da suka fi wannan lafiya nesa ba kusa ba. Mafi kusa ta bi sahun waɗanda ake tarawa a lalata, aikin da cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ke yi.

Yaron ya so a cire masa farantin tagullar gindin ƙotar kafin a tafi da ita, lauya ya ce ko noti ɗaya kar a taɓa. Hoton lambar jikinta da takardar shaidar karɓa aka yi wa kwafi, kowane ɗaki na magada ya riƙe ɗaya, na asalin na wajen lauya. Kafinta ya ce ba zai koma sama ba sai an leƙa sauran silin gidan ɗaki-ɗaki a gabansa, aka leƙa, ba a samu komai ba sai kashin ɓera da wata tsohuwar fitilar ƙwai, sannan ya ƙara dubu biyar a kuɗin aikinsa na kwanakin da ya zauna.